Kundin Aikin Kwamitin Matasa: Shigar da Matasan Ma'aikata Ƙungiya a Masana'antun Sharada

13 ga Janairu, 2025

Kwamitin zartarwa na reshen ƙungiyar ƙwadago ya amince da kafa kwamitin matasa mai mutum bakwai, aka ba shi wata tara ya kawo rahoto. Aikin ya taƙaita ga masana'antu uku na roba da leda a Sharada, Kano, inda ƙungiya ta daɗe da kafuwa amma yawancin mambobinta sun haura shekara 40. A wannan aiki matashi shi ne wanda bai wuce 35 ba. Ta ƙasa kuwa doka ce ta yanke: Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ba ta yarda ɗan ƙasa da shekara 16 ya zama mamba ba, kuma ɗan ƙasa da 21 ba ya riƙe muƙami. Don haka masu 18 zuwa 20 za a ba su aiki, ba za a ba su kujera ba.

An ɗauko jerin sunayen waɗanda kamfani ke cire wa kuɗin ƙungiya daga albashi, aka gwada shi da mutanen da ke shiga ƙofa da safe. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma waɗanda babu sunansu kusan duk matasa ne da suka shigo ta hannun ɗan kwangila. Kamfani yana biyan ɗan kwangila, shi kuma yana biyansu, wasu a mako wasu a wata. Sunansu bai taɓa hawa takardar albashin kamfani ba, balle a cire musu kuɗin ƙungiya. Ke nan ba ƙin ƙungiya suka yi ba, ba a taɓa buɗe musu hanyar shiga ba. Saboda haka aka ajiye shawarar yin taron wayar da kai a otal. Kuɗin da aka ware masa zai koma ga kati, data da kuɗin mota na masu zagaye, wato waɗanda za su riƙa bin matasan ɗaya-ɗaya suna zama da su.

27 ga Janairu

An fara zana taswirar ma'aikata. Kowace masana'anta takarda babba ɗaya, an raba ta sashe-sashe: masu injin narka roba, masu yanka da ɗinkin buhu, masu shirya kaya a kwali, masu lodi, masu shara da gyara. Kowane sashe an sake raba shi tsakanin masu aikin rana da masu aikin dare. A gaban kowane suna ana rubuta abu biyar: wa ke biyansa, shekara nawa ya yi a nan, unguwarsu, da wa yake cin abinci ko hawa adaidaita sahu, da kuma maganar wa yake ji a sashen.

Tambayar ƙarshen nan ita ce mai daraja. Wanda ya fi kowa zagin manaja a teburin mai shayi ba lallai ba ne a bi shi. Sunayen da suke ta maimaituwa na wasu ne daban: ƙwararren mai inji da ake kira idan ta cije, matar da ke riƙe adashin sashen kwali, yaron da ke haɗa ƙungiyar ƙwallon masu lodi. Da yawansu ba su da sha'awar ƙungiya ko kaɗan, amma su ne za a nema tukuna.

Kowane suna yana samun lamba. 1, zai yi aiki ya kuma jawo wasu. 2, yana tare da mu. 3, bai yanke shawara ba. 4, ba ya so. 5, zai kai rahoto ofis. Ba a ba mutum lamba da ji-ta-ji-ta, sai an zauna da shi. Takardun ba sa shiga masana'anta kuma ba a ɗaukar hotonsu da waya.

10 ga Fabrairu

Horo kan zama da mutum ɗaya-ɗaya. Kowane mai zagaye an ba shi mutum goma, bai wuce haka ba, domin wanda ya riƙe ashirin gaisawa kawai yake yi da su. Zama ɗaya minti ashirin zuwa talatin, a wajen ƙofa: tasha, bakin masallaci bayan La'asar, gidan kallon ƙwallo kafin a fara wasa. Kashi biyu cikin uku na lokacin mai zagaye saurare yake yi.

Tsarin zaman shi ne a fara da aikin mutum: yaya shiftinka yake, me ya fi damunka, tun yaushe? Sai a tambaye shi wa ke da ikon gyara abin, kuma me ya sa bai gyara ba. Daga nan a kawo maganar cewa mutum ɗaya idan ya yi ƙorafi sallamarsa ake yi, sashe guda kuwa sai an saurare shi. Kafin a tashi a gaya masa abin da ofis zai faɗa idan labari ya fita: cewa ƙungiya kuɗinku take so, cewa akwai ɗaruruwa a bakin ƙofa suna jiran gurbinku, cewa ku ba ma'aikatan kamfani ba ne. Wanda ya riga ya ji wannan daga bakinmu ba ya firgita idan ya ji daga bakin sufabaiza. A ƙarshe a ba shi ƙaramin aiki, ko da haɗa mu da abokinsa ne. Yin aikin ko rashin yinsa shi ke nuna lambarsa ta gaskiya.

Abin da ya fi ɓata gwajin da aka yi a ɗakin horo shi ne jawabi. Mai zagaye ya fara tarihin NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, tun daga 1978, ya bi ta yajin aikin gama-gari, yaron da ke gabansa yana duba waya. Na biyu alkawari. An hana kowa cewa ƙungiya za ta sa a mai da wani ma'aikacin dindindin. Ba a hannunmu yake ba, kuma alkawarin da ya karye sau ɗaya ya isa ya rufe sashe guda.

Sashen kwali mata ne suka fi yawa, don haka mata biyu na kwamiti ne za su riƙe shi. Taronsu ba ya kai Magariba, kuma an fi yin sa a gidan ɗaya daga cikinsu, domin iyaye da mazaje sun fi sakin jiki da haka. Akwai kuma matasa 'yan Binuwai, Filato da kudu, musamman a lodi da aikin dare. Duk sanarwa za ta fita da Hausa da Turanci, kuma ba a sa taro ranar Lahadi da safe ko lokacin Juma'a.

24 ga Fabrairu

Zauren WhatsApp da aka buɗe na kowa da kowa ya lalace cikin mako biyu. Hoton hirar ya isa ofishin ɗan kwangila da sunaye da lambobin waya a jiki. Kafin wannan ma, saƙonnin siyasa da gardamar addini sun binne sanarwar taro, wasu Kiristoci sun fice ba tare da sun ce komai ba. An rufe shi.

Yanzu akwai zaure ɗaya na sanarwa wanda masu kula kaɗai ke iya rubutu a ciki, kuma ba a sa komai a cikinsa sai abin da ba za mu damu ba idan manaja ya karanta. Shiri da sunaye baki da baki. Sanarwa tana tafiya da murya, ba ta wuce minti ɗaya, saboda ba kowa ke karanta boko da sauri ba kuma data tana da tsada. Masu ƙaramar waya mai zagayensu ne zai kira su.

10 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata. An dakatar da zaman rana, mutum ya tsaya awa goma sha biyu a gaban inji mai zafi ba shi da ƙarfin hira. An koma buɗa-baki na mutum takwas zuwa goma, ƙosai da kunu da ruwan sanyi, kowane sashe da ranarsa, an kuma gayyaci waɗanda ba sa azumi. Za a ci gaba da zagaye sosai bayan Sallah.

7 ga Afrilu

An tattara abin da aka ji a zaman ɗaya-ɗaya. Ƙorafe-ƙorafen da suka fi fitowa: albashi bai kai mafi ƙarancin da doka ta sa ba, ba a biyan ƙarin lokaci, babu safar hannu da abin toshe kunne, ana yanke kuɗin yini guda saboda makarar minti kaɗan, kuma babu wanda ke da takardar ɗaukar aiki.

Kwamiti ya daɗe a kan wanne za a fara da shi. Albashi ne ya fi zafi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma N70,000, daga N30,000 na 2019, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai yana cinye kaso mai yawa na abin da yaro ke samu. Idan aka raba N70,000 a kwana 26 na aiki, ya kama kusan N2,700 a yini, kuma kowa na iya gwada nasa da wannan. Sai dai dokar tana da ƙofofi. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan masu aikin ɗan lokaci ba, haka waɗanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da suka yi. Masu ɗinkin buhu da masu lodi da ƙirga ake biyansu, kuma a masana'anta ɗaya an rarraba matasan tsakanin ƙananan 'yan kwangila, kowanne da mutanen da ba su kai adadin ba. Idan aka fara da albashi, watanni za a shafe ana gardamar wa doka ta shafa, matasan kuma su watse.

An zaɓi takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, irin aikin, yadda ake lissafin albashi da lokacin biya, awannin aiki, hutu, da wa'adin sallama. Buƙatar ta shafi kowa a kowane sashe, ba ta cin kamfani kuɗi nan take, kuma babu lauyan da zai ce ba ta cikin doka. Mafi muhimmanci, takardar ce za ta bayyana wa ke da ma'aikacin da ranar da ya fara. Wa'adin sallama a sashe na 11 da tsawon zama yake tafiya: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama. Hutun shekara na aƙalla kwana shida ma sai an cika wata goma sha biyu. Wanda ba shi da shaidar ranar farawa, duk waɗannan ba nasa ba ne, ko da ya shekara bakwai a kan inji ɗaya.

Wasu 'yan kwamiti ba su gamsu ba, suna ganin takarda ba ta cika ciki. Suna da gaskiya, kuma an rubuta cewa albashi ne mataki na biyu.

2 ga Mayu

An yi bikin ranar ma'aikata jiya. Matasan da suka zo sun fi na bara nesa ba kusa ba, amma ba za a ɗauki wannan a matsayin ma'auni ba, riga da hula kyauta suna tara mutane. Abin da aka auna shi ne ko kowane mai zagaye ya kawo waɗanda ya ce zai kawo. A sashen inji da na kwali lissafi ya yi daidai. A lodi an sami da yawa masu lamba 2 da ba su zo ba, an mai da su 3. Wani dattijon kwamared ya tuna wa matasan cewa a Kano aka fara ba da hutun wannan rana, a 1980 zamanin Abubakar Rimi, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Sun saurara, domin wannan karon a kan hanyar komawa aka faɗa, ba a kan mumbari ba.

19 ga Mayu

Takardar koke. Sakin layi ɗaya ne: muna neman takardar ɗaukar aiki kamar yadda sashe na 7 ya tanada, cikin kwana 30. An yanke tun farko cewa ba za a miƙa ta a kowace masana'anta ba sai sa hannu ya kai kashi 70 cikin 100 na 'yan kwantiragi, wato ma'aikatan da ke ƙarƙashin ɗan kwangila, domin takarda mai sunaye kaɗan jerin waɗanda za a kora ce. Kowace takardar sa hannu ana fara ta da sunayen masu faɗa a ji na sashen, kuma tana kwana a hannun mai zagaye. Masana'antu biyu sun kai. Ta uku ta tsaya wajen rabi, an riƙe tata.

Shugaban reshe da sakatare ne suka miƙa, tare da matasa biyu daga kowane sashe, aka ba kamfani kwafi, ɗan kwangila kwafi, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano kwafi, kowanne an buga hatimin karɓa.

Bayan kwana uku ɗan kwangila ya daina kiran biyu daga cikin matasan da suka raka takardar. Ba a ce an kore su ba, an ce babu aiki wannan makon. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, sashe na 9 na Dokar Ƙwadago kuma ya hana korar mutum ko cutar da shi saboda ƙungiya, amma a nan babu takardar kora da za a nuna. Abin da aka yi: an rubuta ranaku, sunan wanda ya faɗa, da sunayen sababbin da aka sa a gurbinsu a shifti ɗaya, abin da ya rushe maganar babu aiki. Reshe ya rubuta wasiƙa a ranar. Washegari ma'aikatan dindindin na sashen inji, dattawan nan da ake cewa ba ruwansu da yara, suka je ofis tare lokacin hutun cin abinci suka tambaya. An dawo da ɗaya. Na biyun har yanzu yana gida, ana haɗa masa kuɗin cefane daga asusun jin daɗi na reshe.

Matasan lodi sun so a rufe ƙofa a ranar. An zauna da su har dare. Tun gyaran dokar 2005, yajin aiki sai an bi matakan sasanci kuma an kaɗa ƙuri'a mafi yawan mambobi sun amince, doka kuma ta ba mai aiki damar hana albashin kwanakin yaji. Su kuwa yawancinsu ko mambobi ba su zama ba tukuna. Hana su fushi ba zai yiwu ba, an dai ba su aikin kammala sa hannun masana'anta ta uku.

16 ga Yuni

Masana'anta ɗaya ta fara raba takardu, da sunan ɗan kwangila a sama. An karanta su layi-layi. Kura-kurai biyu suna ta maimaituwa: an sa ranar farawa ta zama watan nan maimakon ainihin shekarar, kuma an bar gurbin awannin aiki babu komai. An ce kowa kada ya sa hannu sai an gyara. Shaidar ranar farawa ana haɗa ta daga tsohon katin shiga, saƙon banki na albashin farko, da littafin masu gadi.

Fom ɗin shiga ƙungiya ya fara tafiya da kansa a wannan masana'antar, har daga masu lamba 3 da 4. Tun 2005 shiga ƙungiya ganin dama ne, don haka kowa da hannunsa yake cikewa, a ba shi kwafi. An rubuta wa ɗan kwangila ya fara cire kuɗin ƙungiya daga albashin waɗanda suka shiga. Kafin ya amsa, hedikwatar ƙungiya ta yarda a karɓa da rasiɗi mai lamba, mutum biyu ke ƙirgawa, a kai banki cikin kwana biyu, a karanta lissafi a taron wata. Tambayar farko da matashi ke yi ita ce ina kuɗin ke zuwa, kuma ya cancanci amsa da alƙaluma.

An kuma duba fansho. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8, mai aiki kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. A kan N70,000 wannan N5,600 ne da N7,000, jimla N12,600 a wata. An sami waɗanda ake cire musu wani abu da sunan fansho amma ba su da lambar asusu, ba su taɓa ganin saƙo daga kamfanin fansho ba. Ana tattara shaidarsu don kai wa PenCom, hukumar fansho ta ƙasa.

14 ga Yuli

Inji ya kama yatsun wani matashi a aikin dare. An kai shi kemis, aka ba shi kuɗi kaɗan a ambulan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 na jimlar albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata. Ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya sanar da hukumar cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara guda. An rubuta sanarwar washegari, an kai shi asibiti don samun rahoton likita. Kamfani ya ce na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce injin na kamfani ne. Lauyan ƙungiya ya ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta taɓa ɗaukar kamfani da ɗan kwangila a matsayin masu aiki tare a wasu shari'o'i, don haka duk wasiƙa za ta tafi da sunan su biyun. An kuma nemi Ma'aikatar Ƙwadago ta tabbatar ko 'yan kwangilar suna da lasisin ɗaukar ma'aikata. Kowane shifti yanzu yana da mutum ɗaya mai littafin rubuta rauni: rana, lokaci, inji, shaidu biyu.

A taron reshe an gabatar da buƙatar kujeru biyu masu ƙuri'a ga matasa a kwamitin zartarwa, ɗaya ta mace, da kaso tsayayye na kuɗin reshe. An yi zafi. Wasu dattawa suna ganin yaran da suka shigo jiya za su rinjaye su a zaɓe, kuma lissafinsu daidai ne: idan 'yan kwantiragi suka shiga duka, su ne masu rinjaye. An amince da kujerun a matsayin masu sauraro har zuwa babban taro, inda za a kai gyaran ƙa'ida. Kwamiti bai gamsu ba. Wanda ya tara sa hannu, ya jure barazanar rasa aiki, sannan aka ce ya zauna a baya ya yi shiru, ba zai daɗe yana zuwa ba. Maganar kuɗi an ɗage ta.

11 ga Agusta

Masana'anta ta farko ta gyara ranakun farawa na yawancin takardu, saura na masu lodi. Ta biyu ta wuce wa'adi babu amsa, an nemi Ma'aikatar Ƙwadago ta kira zaman sulhu. Ta uku ta kai kashi 70 a makon jiya, za a miƙa tata ranar 18.

Masu zagaye biyu sun bar aiki, ɗaya ya koma makaranta ɗaya ya sayi adaidaita sahu, kuma mutum ashirin da suke riƙe sun zauna mako uku babu mai tuntuɓarsu. Matasa ba sa daɗewa a irin wannan aiki, don haka daga yanzu kowane mai zagaye zai sami mataimaki daga cikin goman nasa, taswira kuma za a sabunta ta duk ranar Asabar ta farkon wata.

An fara tattara shaidar albashi don mataki na biyu: saƙon banki na wata uku daga aƙalla mutum biyar a kowane sashe, tare da awannin da suka yi. Ga masu biyan ƙirga, ana rubuta yawan buhun da mutum ke ɗinkawa a yini da kuɗin kowane ɗari, don a nuna cewa cikakken mako suke yi a ƙarƙashin sufabaizan kamfani. Ana so a gama lissafin kafin 7 ga Oktoba, ranar aiki mai mutunci ta duniya, a miƙa buƙatar a ranar. Matashi na biyu da aka daina kira tun Mayu, lauya ya karɓi takardunsa ranar Alhamis.